Maganin da ya zo daga nesa: abin da ya kamata ka sani game da caga kafin ka saya

Ya kai mai karatu, ko a cikin garin Dakoro kake, ko a Kornaka, ko Birnin Lalle, ko wata ruga ta kwarin Tarka, ka lura cewa tallar magani ta canza salo. A da, mai magani yakan shimfiɗa tabarmarsa a kasuwa, ya jera saiwoyi da sassaƙe, kana ganinsa yana ganinka. In maganinsa ya cuce ka, ka san inda za ka same shi kasuwa mai zuwa. Yanzu kuwa talla tana shigowa ta salula. Murya ce kawai a WhatsApp, ko hoto a Facebook da TikTok, ana nuna maka gwangwani mai ƙyalli, ana cewa daga ƙasar waje ya zo.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna da ake yayatawa a intanet a ƴan shekarun nan shi ne caga. A jikin gwangwani ana rubuta shi "Chaga". Masu tallarsa suna cewa yana ƙara ƙarfin jiki, yana rage sukari a jini, wasu har suna cewa yana warkar da ciwon daji. Wannan darasi zai bayyana maka asalinsa, da abin da bincike ya gano a kansa, da haɗarin da ke cikinsa. Daga nan za ka sami ma'aunin da za ka auna kowane maganin itatuwa da shi, na waje ne ko na gida.

Mene ne caga?

Caga ba ganye ba ne, ba kuma saiwa ba ce. Dangin naman kaza ne, irin laimar kwaɗin da ke tsirowa da damina, sai dai shi ba a ƙasa yake fitowa ba. A jikin itace mai rai yake fitowa, galibi wata bishiya mai farin ɓawo wadda Rashawa ke kira biryoza. Wannan bishiya sai a ƙasashe masu tsananin sanyi ake samunta, kamar Rasha, Finlan, Kanada, arewacin Sin, Koriya da arewacin Japan. Ba ta tsirowa a Nijar, don haka babu caga a dajinmu.

Ƙwayar caga tana shiga bishiya ta wurin rauni, kamar inda reshe ya karye. Sai ta zauna cikin zuciyar itacen tana cinsa a hankali. Bayan shekaru da dama sai wani dunƙule ya ɓullo a jikin bishiyar, baƙi ƙirin, mai tsattsagewa kamar gawayi. In an fasa shi, cikinsa launin ƙasa-ƙasa ne mai ɗan ja. Wannan dunƙulen ake sarewa a shanya. A taƙaice, caga cutar bishiya ce, kuma daga ƙarshe takan kashe ta.

Yadda mutanen can suka saba amfani da shi

Mutanen karkarar Rasha da na yankin Sibiriya sun daɗe da sanin caga. Wata al'umma ta mafarauta da masunta da ake kira Hanti tana dafa shi ta sha kamar shayi, musamman don ciwon ciki. A ƙasar Finlan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kofi ya yi wuya, mutane sun riƙa dafa caga a madadinsa. A shekarun 1950 kuma, masana a Tarayyar Sobiyet sun yi wani ruwan magani daga gare shi mai suna Befungin. An ba da shi ga masu ciwon ciki na kullum, da kuma don rage wa wasu majinyata wahala. Ba a ba da shi a matsayin abin da ke kawar da ciwon daji ba.

Lura da yadda suke yi. Gutsure suke sakawa cikin ruwa su dafa, su sha ruwan, su bar tukar. Suna zaune a ƙasar sanyi, inda mutum ba ya yawan zufa. Kuma wanda ya saro abin ya san bishiyar da ya ɗebo shi. Wato maganin yana tafiya tare da sanin wuri, da sanin awo, da sanin hanyar haɗawa. Haka abin yake a wurinmu. Tsohuwar da ta san sabara ta san wane ganye za ta tsinka, ta san yawan da za ta jiƙa, ta kuma san ranar da za a daina sha.

Yaya aka yi ya zama hajar kasuwa?

A shekarar 1968 aka buga wani ƙagaggen labari na marubucin Rasha Aleksandar Solzhenitsin a ƙasashen Turai. Labarin ya shafi majinyata masu ciwon daji a wani asibiti, kuma a cikinsa suna hirar caga da fatan zai cece su. Littafin ya yi suna, sunan caga ya bi shi zuwa Turai da Amurka. Da intanet ta zo, ƴan kasuwa suka mayar da shi gari da ƙwaya, suka cuɗa shi da kofi, suna aika shi ko'ina cikin duniya.

A nan ne matsalar take. Da abin ya bar dajinsa ya shiga gwangwani, sunan gargajiya ya biyo shi, amma sanin gargajiya bai biyo shi ba. Mai saye ba ya shan ruwan dafuwa kaɗai, garin duka yake haɗiyewa, cokali bayan cokali, wata da watanni. Mai sayarwa kuma riba yake nema, yawan shanka shi ne cinikinsa. A ƙasashe da yawa, irin wannan gari ana sayar da shi ne da sunan ƙarin abinci. Dokar ba ta tilasta wa mai shi ya gwada shi a kan majinyata kafin ya kai kasuwa, kamar yadda ake tilasta wa masu yin maganin asibiti.

Me bincike ya nuna?

Masana sun yi bincike da yawa a kan caga, amma kusan duka a ɗakin gwaji aka yi su. An zuba ruwansa a kan ƙwayoyin cuta cikin kwalba, an kuma ba ɓeraye. A wasu gwaje-gwajen an ga ya rage kumburi, ko ya rage sukari a jinin ɓera. Wannan abin lura ne, kuma shi ya sa ake ci gaba da bincike.

Sai dai mutum ba ɓera ba ne, jikin mutum kuma ba kwalba ba ne. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar cuta a kwalba, amma in an ba mutum ba su yin komai, ko ma su cutar da shi. Kafin a ce abu magani ne, sai an gwada shi a kan majinyata masu yawa. A raba su gida biyu, a ba waɗannan, a hana waɗancan, sannan a kwatanta. Babu wani babban gwaji irin wannan da ya tabbatar cewa caga yana warkar da ciwon daji, ko ciwon sukari, ko hawan jini a jikin ɗan Adam. Duk wanda ya ce maka an tabbatar, ya faɗi abin da ya wuce saninsa.

Haɗarin da ke kan ƙoda

Abin da aka tabbatar kuwa shi ne caga yana ɗauke da wani sinadari mai suna okzalat, kuma da yawa. Wannan sinadari yana cikin wasu ganyayen da muke ci, kamar alayyaho da yakuwa, amma gwargwadon da ke cikin miya ba ya cutar da mai lafiya. In ya yi yawa a jiki, sai ya haɗu da wani sinadarin, su zama ƴan ƙananan tsakuwoyi masu kaifi. Waɗannan tsakuwoyi suna toshe ƙananan hanyoyin da ƙoda ke tace jini da su.

Likitoci sun rubuta labarin mutanen da wannan ya faru da su. A shekarar 2014, a ƙasar Japan, an ba da rahoton wata mata mai shekara 72 da ke da ciwon daji na hanta. Ta sha garin caga ƙaramin cokali huɗu zuwa biyar kullum har wata shida. Ƙodarta ta lalace, sai da aka sa ta a na'urar wankin ƙoda. A shekarar 2020, a Koriya ta Kudu, an ba da rahoton wani mutum mai shekara 49 da ya sha garin shekaru da dama saboda ciwon fata. Shi ma ƙodarsa ta daina aiki. Dukansu lafiya suka je nema. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai wasu haɗurran guda biyu da likitoci ke gargaɗi a kai. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko yin allura, in ya haɗa da caga, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa sosai har ya suma. Mai shan maganin tsinka jini kuma, ko wanda za a yi wa aiki, jininsa na iya ƙin tsayawa da wuri.

Me ya sa wannan ya shafi mutanen Dakoro?

Dalili na farko shi ne zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce awo 40. Makiyayi yana wuni a rana bayan dabbobi, manomi yana sharar gona, mace tana jan ruwa a rijiya mai zurfi. Zufa tana fita da yawa, fitsari yana raguwa yana yin kauri. A irin wannan hali tsakuwa ta fi saurin taruwa a ƙoda. Abin da ya cutar da ƙodar mutumin ƙasar sanyi, ɓarnarsa za ta fi sauri a jikin wanda ke fama da ƙishirwa.

Dalili na biyu shi ne nisa. In ƙoda ta daina aiki, babu jiƙon da zai tashe ta. Sai wankin ƙoda da na'ura, sau biyu ko uku a kowane mako, kuma sai a manyan asibitocin birni ake yinsa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kaɗai ya fi kilomita 100, balle Yamai. Ka lissafa kuɗin mota, da masauki, da abincin mai jinya. Gidaje nawa ne za su iya wannan ba tare da sun sayar da dabbobinsu ko gonarsu ba?

Dalili na uku shi ne jabu. Ba ka taɓa ganin caga a kan bishiyarsa ba. To, in an ba ka baƙin gari an ce shi ne, da me za ka gane? A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. Nijar ta ɗanɗana wannan a 1995, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu. Shi ya sa a watan Janairu na 2020 Nijar ta shiga cikin ƙasashen Afirka da suka yi alkawari a birnin Lome cewa za su tsananta hukunci a kan masu fataucin maganin jabu.

Dalili na huɗu shi ne ɓata lokaci, kuma shi ne mafi muni. Mace ta ji ƙullutu a nono, maimakon ta tafi likita sai ta yi wata shida tana shan gari. Ciwon da za a iya cirewa yana ƙarami sai ya bazu. A shekarar 2021 aka fara aiki da na'urar ƙona ciwon daji da haske a Yamai, karo na farko a ƙasar nan. Amma na'ura ta fi taimakon wanda ya zo da wuri.

Darasin da shekarar 2020 ta koya mana

Ka tuna lokacin cutar korona. A watan Afirilu na 2020 shugaban ƙasar Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da wani ruwan ganye mai suna Covid-Organics, wanda aka yi da dangin tazargade. Ya ce yana rigakafin cutar kuma yana warkar da ita. Ƙasashen Afirka da dama sun karɓa, har da Nijar a watan Mayu na wannan shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada shi tukuna bisa ƙa'ida. Ba a jima ba cutar ta ƙaru a Madagaska kanta, har aka sake rufe babban birninta a watan Yuli.

Darasin a fili yake. Girman mai talla ba shi ne shaidar magani ba. Ko shugaban ƙasa ne ya sha a gaban jama'a, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Maganin gargajiya ba abin raini ba ne

Kada ka ɗauka cewa wannan darasi yana kushe maganin itatuwa. Da yawa daga cikin magungunan asibiti daga itatuwa suka fito. Kinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sassaƙen wata bishiya ta Amurka ta Kudu aka tace shi a shekarar 1820. Ƙwayar zazzaɓin da ake ba ka yau a likita tana da asali daga wani dangin tazargade na ƙasar Sin. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ce ta bi tsoffin littattafan maganin ƙasarsu, ita da abokan aikinta suka tace sinadarin a 1972. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

A maƙwabciyarmu Nijeriya ma, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya. A cikinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. Aka auna shi, aka gwada shi a kan masu amosanin jini, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Aka sa masa suna Niprisan.

Me ya haɗa waɗannan uku? Duka an san ainihin itacen, an san awon, an gwada su a kan majinyata, an kuma san illarsu. Wannan hanya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira a bi. Tun 2003 ake bikin Ranar Maganin Gargajiya ta Afirka a kowace 31 ga Agusta. A watan Mayu na 2025 kuma ƙasashen duniya suka amince da sabon tsarin maganin gargajiya na shekarun 2025 zuwa 2034, wanda ya ba da ƙarfi ga bincike da kare lafiyar mai sha.

Itatuwanmu ma suna buƙatar kulawa

Muna da namu. Akwai sabara, da marke, da kalgo, da bagaruwa, da aduwa, da zogale. Iyayenmu sun san amfaninsu, kuma muna ganinsu da idonmu. Amma ƙa'idar da ta hau kan caga ta hau kansu. Ɗaci ba shi ne ƙarfin magani ba, yawa kuma ba shi ne saurin warkewa ba. Jiƙon da aka sha fiye da kima yana iya taɓa hanta ko ƙoda. Ke kuma uwa, jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi, kada a ɗura masa bauri ko wani jiƙo.

Akwai kuma maganar itacen kansa. A ƙasashen sanyi, da kasuwar caga ta buɗe, masu kula da daji sun fara damuwa da yawan saransa, domin yana ɗaukar shekaru kafin ya girma. A Finlan har an fara shuka shi a jikin bishiyoyi da gangan. Mu ma muna ganin maɗacin da aka saɓule wa ɓawo har ya bushe a tsaye. Bishiyar da aka zagaye ta da sassaƙa mutuwa take yi, domin ta ƙarƙashin ɓawo abincinta ke bi. In za ka sassaƙa, ɗebi kaɗan a gefe guda, ka bar sauran. Jahar Maraɗi ce mahaifar sassaben zamani, wanda ya fara a shekarun 1980, inda manoma ke barin tohon itatuwa su girma a gona. An ƙiyasta cewa ta haka aka rayar da bishiyoyi wajen miliyan 200 a Nijar. Wanda ya raya sabara da kalgo a gonarsa, ya ajiye wa jikokinsa magani.

Tambayoyi biyar kafin ka sayi kowane magani

1. Mene ne a cikinsa? In mai sayarwa ya ce asiri ne, bar masa kayansa.
2. Wane ciwo guda yake magani? Abin da aka ce yana warkar da sukari da basir da ciwon daji da rashin haihuwa gaba ɗaya, talla ce kawai.
3. Nawa ake sha, kuma har kwana nawa? Maganin da ba shi da ranar dainawa abin tsoro ne.
4. Wa bai kamata ya sha ba? Kowane magani na gaskiya yana da wanda aka hana. Mai ciki, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai ciwon ƙoda ko hanta, su yi nesa da caga da duk wani garin da ba a san shi ba.
5. In ya cuce ni, ina zan sami wanda ya sayar mini? Duba suna da adireshi da ranar lalacewa a jikin kwali. In kayan daga Nijeriya suka zo da lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba cewa ba guba ba ne. Ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa.

In kana shan maganin likita na sukari, ko na hawan jini, ko na tarin fuka, ko na ƙanjamau, kada ka daina shi don wani gari. Kuma duk abin da kake sha na gargajiya, faɗa wa ma'aikacin lafiya ba tare da kunya ba. Saninsa zai taimaka masa ya kare ka.

Alamun da ke buƙatar zuwa likita nan da nan

In kana shan wani jiƙo ko gari, sai ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, daina sha, ka tafi likita mafi kusa ko asibitin gundumar Dakoro, ka riƙe sauran maganin a hannunka don a gani:

- fitsari ya ragu sosai, ko ya yi ja, ko yana kumfa;
- ƙafafu ko fuska sun kumbura;
- ciwo mai tsanani a kwiɓi ko gadon baya;
- amai da ya ƙi tsayawa, da kasala mai yawa;
- idanu sun yi rawaya.

Don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

Ku kawo kwali ko gwangwanin wani maganin da ake sayarwa a kasuwarku. Ku karanta abin da aka rubuta a jikinsa tare da malaminku, ku yi masa tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne ya amsa? Sannan ku lissafa itatuwan magani biyar da ke garinku. Wanne ne ya fara ƙaranci, kuma me za ku yi a daminar bana don kada ya ƙare? Ku tambayi dattawan gari yadda suke auna jiƙo, ku rubuta amsarsu a littafinku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida wannan darasi, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.